Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Ake Kira Da Sunan Wadda Ta Rene Shi

A wannan fitowa filinmu na tunawa da magabata zai leƙa Kano, mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya jiƙansa. Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa jin wannan suna ba, daga tsoho har yaron goye. Amma da za mu tsaya a kasuwar Yusufari mu tambayi mutum goma ko wace ce Tata, ba mu jin za a sami biyu da za su amsa. Kuma ita ce tushen labarin.

Abin da ya sa muka zaɓe shi a fili yake. Mu da ke zaune a nan, yawancinmu fatauci da neman halali ne suka kawo iyayenmu da kakanninmu, wasu daga ƙasar Kano, wasu daga Haɗeja ko Katsina ko Damagaram, suka sauka wurin Mangawa aka karɓe su hannu biyu. Shi ma Alhassan zuriyar baƙi ne masu yawon fatauci, ya san maraici, ya san zaman garin da ba naka ba. Saboda haka labarinsa kusan namu ne.

An haife shi a garin Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin Agalawa, mutanen da suka yi suna wajen fataucin goro. Kakansa, wanda ake kira Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi, wanda madugu ne, shi ya koma Bebeji saboda tana kan hanyar fatake masu zuwa Gwanja. A wancan zamani ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da tufafi da kanwa, a yi watanni a hanya kafin a isa Salga ta ƙasar Gana ta yau, a sayo goro a juyo. Wani sashe na kanwar nan daga wannan yanki namu na ƙasar Manga take fitowa. Ashe tun kafin a haifi kakanninmu akwai igiyar ciniki tsakanin nan da gidajen Agalawa.

Alhassan bai daɗe yana cin gajiyar uba ba. Wajen 1885, yana ɗan shekara 8, Allah ya yi wa Madugu Abdullahi rasuwa. Aka raba gado, kowa ya kama gabansa. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce ta sosai, sai ta ɗaure kayanta ta tafi Ankara, babban birnin Gana a yau. 'Ya'yan kuwa sun yi ƙanana da irin wannan tafiya, sai ta bar su a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ta ci gaba da dafa musu, ita ke tsawata musu, ita ke kwana da su in ba su da lafiya. A hankali mutanen gari suka riƙa ce wa yaron ɗan Tata, sunan ya bi shi.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Mutumin nan ɗan madugu ne, jikan attajiri. Da ya girma ya yi arziki, ba wanda zai hana shi ya ce a daina kiransa da sunan baiwa, a kira shi da sunan ubansa. Bai yi haka ba. Ya riƙe sunan har ya koma ga Allah, aka sa wa kamfaninsa, 'ya'ya da jikoki suka gaje shi. Yau sunan tsohuwar da ba ta mallaki ko kanta ba yana rubuce a jikin gine-gine da takardun banki. Sarakuna nawa aka yi a zamaninta waɗanda sai an buɗe littafi ake tuna su?

Masu ba da tarihinsa sun haɗu a kan cewa Tata ce ta koya masa tanadi. Gadon da ya samu bai kai ko'ina ba, don haka ya shiga makarantar allo a Bebeji, yana karatu yana 'yan aikace-aikace don ya ci abinci, kamar kowane almajiri. Abin da ya samu ba ya cinyewa duka, sai ya jefa wani abu a asusu. An ce asusun nan na katako zuriyarsa sun adana shi, ba su yar ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ga alama tsohuwar ta san haka.

Da ya kai wajen shekara 15 sai begen uwa ya dame shi, ya bi ayarin Gwanja a ƙasa har ya iske ta a Ankara. Ku duba nisan nan, babu mota babu jirgi. Da ya isa kuwa ba shagwaɓa ya tarar ba, don wurin wani malami ta kai shi ya ci gaba da karatu yana nema wa kansa abinci. Bayan wani lokaci ya komo Bebeji. Sai dai tafiyar ba ta tashi a banza ba: ya ga hanya, ya ga bakin teku, ya ga yadda ake ciniki a can.

Bai gama hutawa ba sai ga Basasar Kano, wadda aka fara a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa sun goyi bayan Tukur, ɓangaren da aka ci da yaƙi. Aka kama mutanen Bebeji da dama, har da Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi, sai da aka fanshe su sannan suka sami kansu. Wato wanda baiwa ta rena shi ma ya ɗanɗani zama a hannun wani. Mai irin wannan tarihi ba sai an yi masa wa'azi a kan cewa duniya juyi-juyi ce ba.

Da ƙura ta lafa ya koma fatauci. Turawa suka ci Kano a 1903, hanyoyi suka sauya, shi kuwa bai tsaya kukan zamanin da ya wuce ba. Ya lura cewa maimakon a ɗora goro a jaki a yi watanni ana tafiya yana lalacewa, ana iya sa shi a jirgin ruwa daga Ankara ko Sekondi zuwa Ikko, daga nan a hauro da shi arewa. Wajen 1906 ya riga ya kama wannan hanya, yana cikin 'yan arewa na farko da suka yi haka. Ya haɗa da cinikin duwatsun ado da yadudduka. Mahaifiyarsa ta rasu a Ankara a 1908, ba ta sake komowa gida ba, daga nan ya fi mai da hankali ga Ikko da Kano.

A 1912 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano, kamfanonin Turawa suka shigo neman gyaɗa. Alhassan ya tare a birni, ya yi gida a Sarari, wajen Koƙi. A 1918 kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa, kuma daga baya, da aka kafa kamfanin UAC a 1929, ya zama babban mai saya masa. Dabararsa ba boyayya ba ce. Yana da yara da wakilai a ƙauyuka, mutanen da ya sani tun zamanin goro. Yakan ba su kuɗi tun kafin kaka, su bi manoma su saya, su kawo. Ba takarda mai yawa a tsakani, amana ce ke riƙe da cinikin. Tun farkon shekarun 1920 ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano, kuma da sunansa ake danganta dalar gyaɗa, wato tsibin dubban buhuna da ake jerawa suna jiran jirgi. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya sauke farali ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila.

Wannan zamani na gyaɗa shi ne ya buɗe yankinmu. A 1930 hanyar jirgi ta iso Nguru, ta zama ƙarshen layi. Gyaɗa da ƙaro da fata da kanwa da dabbobi suka riƙa gangarowa daga Gashuwa da Yusufari da ƙauyukan kan iyaka zuwa tasha. 'Yan koli, mahauta, teloli, dillalai da malaman allo suka biyo baya. In muka bi sawun gidajenmu da yawa, a nan za mu tarar da mafarin zamanmu. Dalar gyaɗa ta ɓace tun shekarun 1970, bayan fari da cutar gyaɗa da zuwan kuɗin mai, amma mu da iskar cinikin ta kwaso muna nan.

Labarin da aka fi bayarwa a kansa shi ne na 1929, lokacin da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Matasanmu suna son wannan labari, su yi ta jinjina raƙuman. Mu dai muna cewa a riƙa haɗa shi da labarin asusun katako, domin daga can aka faro. Tsakanin asusu da raƙuma akwai shekara 40 da 'yan kai na haƙuri, da maraici, da kamu, da tafiyar ƙasa. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun kuma shaide shi da sauƙin kai: ba almubazzari ba ne, kuma yakan ci abinci tare da yaransa na aiki.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Da ya ji jikin ba na tashi ba ne, sai ya tara 'ya'yansa da manyan gidansa ya yi musu wasiyya. Ya nemi su zauna tare kada su watse, kada su bari kamfanin ya rushe bayan ransa, su riƙe zumunci, su kula da dangi musamman marasa ƙarfi, kuma su guji rigima da sauran attajiran Kano. Wanda ya san abin da ya faru a Bebeji a 1885 zai gane inda maganar ta fito. Ya ga yadda gida ke tarwatsewa in uba ya faɗi, bai so nasa 'ya'yan su gani ba. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Wasiyyar ta yi tasiri. Gidan bai watse ba. Alhaji Sanusi ya ci gaba da kasuwanci har rasuwarsa a 1997. Alhaji Mamuda ya yi suna wajen jigilar alhazai, kuma daga sunan ƙungiyarsa ne aka sami Wapa ta Fagge. Alhaji Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya riƙe ragamar gidan shekaru masu yawa, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

To 'yan'uwa, mu dawo gida. Ba kowa Allah zai ba raƙuma 20 ba, amma ba gidan da ba shi da tasa Tata. Wani goggo ce ta rene shi bayan uwarsa ta fita, wani kishiyar uwa, wani matar malaminsa ce ke zuba masa tuwo yana almajiri a Nguru, wani kuwa wata dattijuwa Bamanga ce ta ba kakansa ɗaki ranar da ya sauka garin nan ba shi da kowa. Mutanen nan su suka koya mana kada a ci bashin da ba a san ranar biyansa ba, kada a tauye mudu, a gai da maƙwabci kafin a buɗe shago, a ajiye na gobe ko da kwabo ne. Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: 'ya'yanmu sun san sunayensu?

Abin ya fi tsanani a kanmu mazauna. Wanda ke garinsu, ko bai tambaya ba, ga kushewar kakansa, ga tsofaffin unguwa suna ba shi labari. Mu kuwa kaburburan namu sun rarrabu, wasu a Kano, wasu a Nguru, wasu a nan. Duk dattijon da muka kai makwanci, ya tafi da sunayen da ba wanda ya rubuta. Muna kuma gani da idonmu yadda ake yi in mai gida ya rasu: kafin sadakar arba'in an fara maganar sayar da gida da shago, kowa ya karɓi nasa ya nufi birni, ƙanana su rasa mai riƙe su. Rabon gado umarnin Allah ne, ba mai ja da shi. Amma raba dukiya daban, raba zumunci daban.

Saboda haka muna ba da shawara, kuma ba ta buƙatar kuɗi. Kowane mai gida ya sami littafin rubutu, ya zauna da tsohon da ya rage a gidan, namiji ko mace, ya rubuta da boko ko da ajami: wa ya fara zuwa, daga wane gari, wace sana'a ya zo da ita, wa ya saukar da shi, wa ya reni wa, wace magana yake yawan faɗa wa yara. A karanta wa yara, a sa waɗannan bayin Allah cikin addu'a da sunayensu. Wanda Allah ya ba haihuwa ya tuna da su ranar suna. Kuma uba kada ya jira sai ciwo ya kwantar da shi kafin ya tara 'ya'yansa ya gaya musu abin da yake so su riƙe, don ba kowa ke samun jinkirin da Alhassan ya samu ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya jiƙan iyayenmu da duk waɗanda suka ɗauki wahalarmu muna ƙanana. Allah ya bar mu da zumunci, ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.