Gado Namalaya: Mayaƙin Kurfai da Sunan da Ya Bari

Kalmar mayaƙi sunan aikau ce. An gina ta ne daga saiwar yaƙ- da ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i, kamar manomi da maƙeri, jam'inta kuma mayaƙa. Amma a ƙasar Kurfai da ke jihar Tilaberi ta Jamhuriyar Nijar, kalmar ta tashi daga sunan mai aiki ta zama laƙabi, ta zama sarauta, daga bisani ta zama sunan gida. Mutumin da wannan sauyi ya faru a kansa shi ne Gado Namalaya.

Gado ya tashi ne a ƙarshen ƙarni na 19 cikin Kurfayawa, masu magana da Hausar yamma a arewacin kwarin Dallol Boso. A wancan zamani babu sarki guda da ke mulkin ƙasar baki ɗaya. Al'amuran kowane gari suna hannun dattawan zuri'a da masu kula da tsafin ƙasa. Sai dai hare-haren Abzinawa sun sa talakawa neman wanda zai tsaya musu, saboda haka duk wanda ya iya tara dawaki da 'yan baka sai ya yi suna. Ta wannan hanya Gado ya fito, ba ta gadon karaga ba.

Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, Gado ya ba su hannu. Su kuwa suna neman mutum ɗaya da za su riƙa yi wa magana, sai suka ɗora shi a kan ƙasar Kurfai duka, Filinge ta zama mazauninsa. Daga nan aikin mayaƙi ya juya: wanda aka sani da kare gari ya koma mai tara haraji da ɗibar mutane zuwa aikin tilas. Sunan bai sake ba, abin da yake nufi a kunnen talaka ne ya sake.

Ƙorafin jama'a ya fito fili wajen shekarar 1925, lokacin da wani sabon bori da ake kira Hauka ya ɓulla a yankin, a hannun wata mata mai suna Shibo ta garin Shikal. Iskokin wannan bori suna kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan Nasara, mabiyansu kuma suka bijire wa sarki. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama su da yawa aka tsare. Duk da haka borin bai mutu ba, 'yan ci-rani suka kai shi ƙasar da ake kira Gana a yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a kansa.

Bayan rasuwar Gado, laƙabin ya zauna wa gidansa. Daga nan Adamu Mayaki ya fito, haifaffen Filinge a 1919, wanda ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Diori Hamani. Ibrahim Hasan Mayaki kuma ya zama firaminista daga 1997 zuwa 2000.

Akwai abin lura a nan ga ɗalibin harshe. Rubutun Faransanci ba shi da ƙ mai lanƙwasa, don haka takardun hukuma suka adana sunan a matsayin Mayaki. A Nijeriya kuwa an fi ganin Maiyaki, har a sarautun Nufawa, wato ginin mai da yaƙi, wanda ya bambanta da na aikau. Garin Mayahi na jihar Maradi kuma suna ne dabam, kamar rubutu ce kawai ta kusanta su. Mai bincike da ya tarar da wannan suna a kundi, wajibi ne ya tantance ko sana'a ake nufi, ko sarauta, ko zuri'a, domin a rayuwar Gado Namalaya kaɗai kalmar ta ɗauki ma'anonin nan uku.