Tarihin Herbert Chapman, Ɗan Wasan Da Ya Zama Malamin 'Yan Ƙwallo

Duk mai sha'awar wasan ƙwallon ƙafa ya san sunan kulob ɗin nan na birnin Landan da a ke kira Arsenal, amma ba kowa ya san mutumin da ya kafa harsashin girmansa ba. Sunansa Herbert Chapman. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci a karanta shi ne, a filin wasa bai taɓa zama gwani ba, amma da ya koma koyarwa sai ya gagari sa'o'insa duka.

An haife shi ran 19 ga Janairu, 1878, a wani ƙauye mai suna Kiveton Park, a arewacin Ingila. Ubansa mahaƙin kwal ne, kuma su goma sha ɗaya ne a gidansu. Da ya ke yaron yana da kaifin hankali, sai ya shiga kwaleji a Sheffield, ya koyi aikin injiniyan haƙar ma'adinai. Yana karatu yana taɓa ƙwallo, har cikin 1901 ya mai da wasan sana'a a kulob ɗin Northampton. Daga nan ya yi ta yawo, ya je Sheffield United, da Notts County, da Tottenham, ba inda ya daɗe. Ƙanensa Harry shi ne ya yi suna a wasa, shi kuwa Herbert sau da yawa cikin 'yan jiran ko-ta-kwana a ke ajiye shi. To, amma zaman nan bai tafi a banza ba, don yana lura da abin da ke sa a ci, da abin da ke sa a sha kashi.

Cikin 1907 Northampton suka kira shi ya zama manajansu, yana wasa kuma yana koyarwa. Shekara biyu a jere su ne na kashin baya a gasar Kudancin Ingila. A zamanin nan manaja kusan akawu ne kawai, manyan kulob ke zaɓen 'yan wasa, su kuwa su shiga fili kowa ya yi abin da ya ga dama. Chapman ya ce sai an shirya dabara tun kafin a busa usur. Ya koya wa yaransa su ja da baya, su yaudari abokan karawa su fito daga gidansu, sa'an nan a auka musu ba zato. Cikin 1909 Northampton suka zo na ɗaya.

Cikin 1912 ya koma Leeds City, a nan ne kuwa ya gamu da babbar jarrabawa. Sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya yi tsanani, ya bar kulob ya tafi shugabancin wata ma'aikatar harsashi a Barnbow. Cikin 1919 aka kai ƙara cewa kulob ɗin ya riƙa biyan 'yan wasa kuɗin da doka ta hana a lokacin yaƙi. Hukuma ta ce a kawo littattafan kuɗi a duba, shugabannin suka ƙi. Saboda haka aka kori Leeds City daga gasa, aka yi gwanjon 'yan wasansa, aka kuma hana Chapman da waɗansu shugabanni shiga harkar ƙwallo har iyakar ransu. A lokacin ya riga ya koma aiki a wani kamfani a Selby, can ma ba a daɗe ba aka sallame shi. Masu riƙon littafin kuɗi sai su lura, ƙin buɗe littafi shi ya rushe kulob sukutum, ya kuma shafi wanda ba ya nan.

Da ya ke yana da hujja, watau yana Barnbow sa'ad da aka yi abin, sai aka janye hukuncin. Cikin 1921 Huddersfield suka ɗauke shi. Shekara guda bayan haka suka ci Kofin F.A., suka doke Preston da ci ɗaya ba ko ɗaya. Cikin 1924 suka zama zakarun Ingila, abin da ba su taɓa yi ba, suka kuma maimaita cikin 1925.

A shekarar nan ta 1925 Arsenal suka neme shi, suka yanka masa albashi fam 2,000 a shekara. Har lokacin nan ba su taɓa cin wani babban kofi ba. Ya gaya musu gaskiya, cewa aikin zai ɗauki shekara biyar. A shekarar ne kuma aka sake dokar satar gida. A da sai an sami abokan karawa uku tsakanin ɗan wasa da layin raga, sai aka rage su zuwa biyu, ƙwallo ta yi ta shiga raga kamar ruwa. Cikin watan Oktoba Newcastle suka lallasa Arsenal da ci bakwai ba ko ɗaya. Chapman bai ji kunyar karɓar shawarar na ƙasa da shi ba. Ya zauna da kyaftin ɗinsa, Charlie Buchan, suka yanke shawarar mai da ɗan wasan tsakiya can baya, ya zama na uku cikin masu tsaron gida. Daga nan aka sami tsarin nan da a ke kira WM, don in an zana tsayuwar 'yan wasa a takarda kamannin waɗannan baƙaƙe biyu ta ke yi. Ƙasashe da yawa suka yi shekaru suna koyi da shi.

Ya yi haƙuri yana tara mutanen da suka dace: David Jack cikin 1928 a kan fam 10,890, kuɗin da ba a taɓa biya don ɗan wasa ba, sa'an nan Alex James, da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Cliff Bastin. Kowane mako ya kan tara su a tattauna kurakuran wasan da ya wuce, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Cikin 1930, daidai shekara biyar ɗin da ya ɗiba, Arsenal suka ci Kofin F.A., suka doke tsohon kulob ɗinsa Huddersfield da ci biyu ba ko ɗaya. Cikin 1931 suka zama zakarun Ingila da ƙwallaye 127, su ne kuwa kulob na farko daga Kudu da ya yi haka. Suka sake ci cikin 1933.

Hangen nesansa bai tsaya a fili ba. Tun cikin 1928 ya gwada sa wa 'yan wasa lamba a bayan riga, amma hukumar gasa ba ta tilasta haka ba sai 1939. Ya nemi a riƙa wasa da dare da hasken lantarki, wannan ma sai bayan mutuwarsa aka yarda. Cikin 1932 ya sa aka sake sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road ta koma Arsenal, sunan da ta ke amsawa har yau. Shi ne kuma ya sa wa jar rigarsu farin hannu cikin 1933.

A farkon Janairu, 1934, mura ta kama shi a wajen yawon kallon wasanni. Maimakon ya kwanta, sai ya fita cikin sanyi don ya ga wasan ƙananan 'yan wasansa. Murar ta zama ciwon haƙarƙari, ya rasu ran 6 ga watan, yana da shekara 55.

Shaidar aikinsa ta fito ne bayan ba ya nan. Da ya bar Huddersfield, sun sake zama zakaru cikin 1926, sau uku ke nan a jere. Da ya rasu, Arsenal suka ci cikin 1934 da 1935, su ma sau uku a jere. Malami ko shugaban ofis da ya ke so ya auna kansa, ga mudu nan: ran da ya tashi daga kujera, aikin ya kan tsaya ne, ko kuwa ya kan ci gaba?