Pablo Pikaso da fuskar ƙarfe ta birnin Shikago

An haifi Pablo Pikaso ran 25 ga watan Oktoba 1881 a Malaga, ƙasar Ispaniya. Mahaifinsa malamin zane ne, kuma a hannunsa ya fara koyon sana'ar. A shekarar 1904 ya ƙaura zuwa Paris, inda ya sha talauci kafin sunansa ya fito.

A 1907 ya shiga gidan ajiyar kayan tarihi na Torokadero, ya iske fuskokin icce waɗanda aka kwaso daga Afirka a zamanin mulkin mallaka. Masassaƙansu ba su damu da kamanta wani mutum ba: sukan ja hanci, su faɗaɗa goshi, don fuskar ta yi kwarjini. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Daga baya shi da abokinsa Barak suka ƙago salon da ke nuna fuska ta gaba da ta gefe a lokaci guda.

Ya haura shekara 80 sa'ad da birnin Shikago na Amurka ya nemi ya tsara masa wani babban aiki na ƙarfe. Ya yi ƙaramin samfuri, maƙera suka fitar da shi a garin Gari na jihar Indiyana, tsawonsa mita 15, nauyinsa tan 147. An yaye masa mayafi ran 15 ga watan Agusta 1967.

Nan take gardama ta tashi. Wasu suka ga kan mace, wasu kare, wasu gwaggon biri, har wani ɗan majalisar birnin ya nemi a kawar da shi. Wanda ya tsaya daga gaba zai ga idanu biyu dab da juna, da dogon hanci, da faifan ƙarfe biyu kamar gashi. In ya zagaya, siffar sai ta sake, don iska da haske suna ratsa tsakanin sandunan.

Pikaso bai raɗa wa aikin suna ba. An miƙa masa dala 100.000, ya ƙi karɓa, ya bar shi kyauta ga mutanen birnin, alhali bai taɓa taka ƙasar Amurka ba.

Ya rasu ran 8 ga watan Afrilu 1973 a Mujan, kudancin Faransa, yana da shekara 91. Sunansa ya game duniya; masassaƙan Afirka da suka buɗe masa ido kuwa, galibinsu ba a ko rubuta sunayensu ba.