Franz Torek, likitan da ya fara cire maƙoshin ƙirji mai ciwon daji, majinyaciyarsa kuma ta rayu

An haifi Franz Torek a 1861 a birnin Breslau, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yau kuwa yana ƙasar Polan. Yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa New York a Amurka. A can ya yi karatun likita, ya gama a 1887, sannan ya shafe shekaru yana tiyata a Asibitin Jamusawa, wanda yanzu ake kira Lenox Hill.

A zamaninsa, ciwon dajin maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa tumbi, ba shi da makawa sai mutuwa. Mutum zai fara kasa haɗiye tuwo, daga baya kunu, a ƙarshe ko ruwa ya gagare shi. Likitan Jamus Vincenz Czerny ya cire irin wannan ƙari a wuya tun 1877, amma ɓangaren da ke cikin ƙirji ya fi ƙarfin kowa, domin da an buɗe ƙirji sai huhu ya lotse.

Ranar 14 ga Maris 1913 Torek ya yi wa wata dattijuwa mai shekara 67 aiki. An zura mata bututu ana hura wa huhunta iska, shi kuma ya shiga ta haƙarƙarin hagu. Bai tsaya ga ƙarin da ido ke gani ba, ya cire maƙoshin ƙirjin tare da lafiyayyen nama sama da ƙasa. Ya fito da bakin maƙoshin da ya rage ta fata, ya haɗa shi da hudar tumbi da tiyon roba a waje. Ta haka matar ta riƙa cin abinci har kusan shekara 13, kuma ciwon huhu ne ya yi ajalinta, ba dajin ba.

Abin da aikin ya nuna shi ne likitoci ke bi har yau. Wannan ciwo yana rarrafe a ƙarƙashin fatar cikin maƙoshi, ya yi nisa da inda ake ganinsa. Shi ya sa bayan tiyata ake duba bakin yankan da madubin likita. Idan babu ƙwayar daji a wurin, ana kiransa R0, kuma masu irin wannan sakamako sun fi daɗewa a raye. Idan an sami ƙwayoyin, R1 ke nan, ciwon ya fi saurin dawowa. A Ingila ko ƙari ya matso gefen da milimita 1, ana lissafa shi cikin R1.

Torek ya rasu a Vienna a 1938. A 1946 Ivor Lewis na Birtaniya ya bayyana hanyar jawo tumbi cikin ƙirji a ɗinke shi da sauran maƙoshin.

Tsabtataccen yanka yana samuwa ne idan ƙarin bai kama maƙwabtansa ba, kamar hanyar numfashi ko babbar jijiyar jini. Saboda haka ga mutumin Takanamat ko Tawa da abinci ya fara tsaya wa a ƙirji yana ramewa, makonnin farko su ne masu tsada. Daga likitar gari ake tura shi babban asibitin Tawa, daga nan zuwa cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai.