Johann Coaz: Malamin dajin da ya tare dusar ƙanƙara tun daga saman dutse

A ƙauyukan da ke gindin tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan, ba sanyi kaɗai ake tsoro ba idan hunturu ya shigo. Dusar ƙanƙara kan taru hawa-hawa a gangaren dutse. Idan ta ƙasa ba ta kama da kyau ba, kuma sabuwa ta danne ta da nauyi, sai gaba ɗaya ta zaftaro ta binne gidaje da dabbobi da mutane kafin a ankara.

Cikin waɗanda suka fara tunkarar wannan bala'i da ilimi akwai Johann Coaz.

An haife shi a shekarar 1822 a birnin Antwerp na Beljiyam, amma asalinsa ɗan jihar Graubünden ne ta Suwizalan. Ya karanci ilimin gandun daji a Tharandt da ke Jamus, sannan ya shiga aikin zana taswirar ƙasarsa. Wannan aikin ne ya sa ya san duwatsun ciki da waje. A ranar 13 ga Satumban 1850, shi da abokan tafiyarsa biyu suka zama na farko da suka hau ƙololuwar Piz Bernina, mai tsayin sama da mita 4,000.

Shekara guda bayan haka aka ba shi shugabancin malaman daji na Graubünden.

A wancan lokaci, mutane sun fi gina kariya a ƙasa, a bayan gidajensu, su jira abin da zai sauko. Coaz ya ga cewa idan dusar ta riga ta kama hanya, tare ta sai an yi da gaske. Gara a riƙe ta a inda take ɓallewa. A 1868 ya sa aka jera katangun dutse can saman gangaren da ke kallon ƙauyen Martina. Ya kuma dage kan dasa itatuwa, domin daji mai kauri kan hana dusar zamewa. Duk wanda ya ga yadda damina ke kwashe ƙasa a gangaren da aka sare wa itatuwa, ko a Doguwa ko a Tudun Wada, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 1875 ya zama babban sufeton dazuzzuka na farko na tarayyar Suwizalan, kuma a shekarar da ta biyo baya ƙasar ta kafa dokar kare dazuzzukan tsaunuka. Littafinsa kan zaftarewar dusar ƙanƙara ya fito a 1881. A 1910 ya fitar da wani, mai ɗauke da ƙididdigar wuraren da ta saba saukowa. Aiki ne mai gajiyarwa, amma da shi aka san inda ya fi buƙatar katanga.

Bai ajiye aiki ba sai a 1914, lokacin ya haura shekara 90. Ya mutu a garin Chur a watan Agustan 1918. Har yau akwai masaukin masu hawan dutse a yankin Bernina da ke ɗauke da sunansa.