Godfrey Hounsfield: Mai Difloma Da Ya Leƙa Cikin Jikin Mutum

Idan aka kawo wanda aka harba ko aka daɓa wa wuƙa, ramin da ido ke gani ba shi ke tayar da hankalin likita ba, jinin da ke tsiyaya a ciki ne. Na'urar CT ke nuna masa hanyar da harsashi ya bi, da ko hanta ko saifa ta fashe. To, 'yan HND, ku ji: wanda ya ƙera ta bai yi digiri ba.

An haifi Hounsfield a Ingila a 1919, ɗan manomi ne mai son kwance injuna. Ya koyi aikin rada a sojan sama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya yi difloma a Faraday House, ya kama aiki a kamfanin EMI. Dabararsa ita ce a harba hasken eksire ta kusurwoyi da dama, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da hoto yanki-yanki. Gwajinsa na farko kwana tara cur ya ci! A 1971 aka fara duba majinyaciya da ita a Landan. Ya raba kyautar Nobel da Allan Cormack a 1979, ya rasu a 2004. Har yau da ma'auni mai sunansa ake karanta hoton: ruwa 0, iska -1000.