Tarihin Colin Chapman, maƙerin motar Lotus Seven

A tarihin ƙera motocin tsere a Birtaniya, da wuya a sami wanda sunansa ya kai na Colin Chapman, injiniyan da ya kafa kamfanin Lotus, wanda kuma ya rasu a shekarar 1982 yana da shekaru 54.

An haifi Anthony Colin Bruce Chapman ranar 19 ga watan Mayun 1928 a Richmond, kusa da birnin Landan. Ya karanci aikin injiniya a University College ta Landan, ya ɗan taɓa aiki a rundunar sojan saman Birtaniya inda ya yi tuƙin jirgi, kafin ya koma wani kamfanin sarrafa alminiyam.

Tun yana ɗalibi, a 1948, ya ɗauki wata tsohuwar mota ƙirar Austin 7 ya sake mata fasali domin shiga gasa. A 1952 ya kafa kamfanin Lotus a wani tsohon bargar dawaki da ke bayan otel ɗin da mahaifinsa ke gudanarwa a unguwar Hornsey. Budurwarsa Hazel Williams, wadda ya aura a 1954, ita ce ta ranta masa fam 25 na jari.

Aƙidarsa guda ce, kuma bai sauka daga kanta ba har ya mutu: ƙara wa inji ƙarfi yana sa mota gudu ne a miƙaƙƙiyar hanya kawai, amma rage mata nauyi yana sa ta gudu a ko'ina, har a kan kwana.

Motar da ake saya a kwali

Babu inda wannan aƙida ta fito fili kamar a motar Lotus Seven, wadda ta fito a 1957. Kujeru biyu gare ta, ba ƙofa, ba rufin kirki, kuma nauyinta bai wuce kimanin kilo 500 ba. Ta farko ta zo da ƙaramin injin Ford, irin na motocin gida, amma saboda rashin nauyi takan bar manyan motoci a baya.

Akasarin masu sayenta ba a haɗe suke karɓarta ba. Sassa ake kai musu, su harhaɗa da hannunsu a garejin gida, domin a wancan zamani harajin saye da Birtaniya ta ɗora wa sabuwar mota bai shafi sassan da ba a haɗa ba. Wannan ya ɗan yi kama da yadda kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci daga 1975 da sassan da ake kawowa daga Faransa, illa dai a nan mai motar shi ne masana'antar.

Dokar ta hana a haɗa wa mai saye da takardar bayanin yadda ake harhaɗawa. Labarin da ya shahara shi ne, kamfanin ya riƙa ba da bayanin yadda ake kwance motar, mai saye kuma ya karanta daga ƙarshe zuwa farko.

Ƙuncin wurin ƙafa

Chapman ba dogo ba ne, kuma an daɗe ana cewa da gwargwadon jikinsa aka auna mazaunin direban. Gaban motar siriri ne, akwatin giya kuma ya cinye tsakiya, don haka abin da ya rage wa ƙafafu wani ɗan lungu ne da kuloci da birki da totur ke cunkushe a ciki, kusan suna gogar juna.

Kusancin yana da amfaninsa. Direban tsere idan zai shiga kwana yakan taka birki da gefe guda na ƙafar dama, ya ɗan taɓa totur da ɗaya gefen yayin da yake sauko da giya, domin kada tayoyin baya su ƙwace. Idan birki da totur suka yi nisa da juna, wannan dabara ba ta yiwuwa.

Matsalar tana ga takalmi. Mai faffaɗan takalmi na iya taka birki ya haɗa da totur bai sani ba, ko gefen takalminsa ya maƙale a ƙarƙashin birki lokacin da yake ɗaga ƙafa. Shi ya sa masu irin wannan mota ke ajiye siririn takalmi mai taushin ƙasa domin tuƙi kaɗai, wasu ma da safa suke tuƙawa. Silifas ko faɗe, da direbobinmu da dama suka saba da su, ba su da wurin zama a nan.

A 1973, shekarar da Birtaniya ta sauya tsarin harajinta har rangwamen ya kau, Chapman ya sayar wa kamfanin Caterham na Graham Nearn haƙƙin ƙera motar. Sai a shekarar 2000 Caterham ya fitar da samfurin SV, wanda aka ƙara wa faɗin santimita 11 domin masu jiki da manyan ƙafafu.

Nasara da asarar rayuka

A gasar Formula One, motocin Lotus sun ci kambun kamfanoni sau 7 da na direbobi sau 6 a zamanin Chapman. Motarsa Lotus 25 ta 1962 ta sauya yadda ake gina gangar jikin motar tsere, da ita kuma Jim Clark ya zama zakaran duniya a 1963. Clark ya sake cin kambun a 1965, shekarar da ya lashe gasar Indianapolis 500 a Amurka.

Sai dai masu sukar Chapman sun riƙa zarginsa da rage ƙarfe har ya wuce kima. Clark ya mutu a cikin Lotus a Hockenheim ta Jamus a watan Afrilun 1968, ko da yake an fi danganta haɗarin da matsalar taya. Jochen Rindt, wanda ya rubuta wa Chapman wasiƙar koke kan raunin motocin bayan wani haɗari a Spaniya a 1969, ya mutu a Monza ta Italiya a 1970. An ba shi kambun wannan shekara bayan mutuwarsa. Daga baya wata kotu a Italiya ta wanke Chapman.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo cikin ruɗani. Lotus ya yi aikin injiniya a kan motar DeLorean, wadda gwamnatin Birtaniya ta zuba wa kuɗi domin samar da ayyuka a Ireland ta Arewa, kuma miliyoyin fam suka yi ɓatan dabo. Chapman ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 16 ga watan Disamban 1982, kafin a gurfanar da kowa.

A 1992 aka ɗaure akantan kamfanin, Fred Bushell, shekaru 3 bayan ya amsa laifin zamba. Alƙalin ya bayyana cewa da Chapman na raye, da hukuncinsa bai gaza shekaru 10 a gidan yari ba.